Kafin a Haƙa Harsashi: Yadda Ƙaramar Hukuma a Amurka ke Tantance Rukunin Gidajen Jere

A ce kamfanin gine-gine ya sayi fili eka 10 a bayan wani gari a Amurka, yana son gina gidaje 80 irin waɗanda ake jerawa bango ɗaya ya raba su, kowa da ƙofarsa da benensa. Sayen filin bai ba shi damar fara haƙa ba. Taswirar gari ta riga ta faɗi abin da za a gina a kowace unguwa, kuma tun 1926, a shari'ar garin Yukilid na jihar Ohayo, Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ƙananan hukumomi wannan iko. In an ware unguwar don gida huɗu a kowace eka, 40 ne iyakarsa. In yana son 80, sai ya nemi a sauya wa filin matsayi.

Takardunsa ofishin tsara gari suke fara shiga, a rarraba wa injiniyoyin hanya da na ruwa da hukumar kashe gobara. Nan ne ake yin ainihin aikin, sau da yawa tun kafin maƙwabta su ji labari.

Mu fara da ruwan sama, don shi ya fi ba da wahala. Fili mai ciyawa yana shanye ruwa, rufi da kwalta kuwa turo shi suke yi gaba ɗaya lokaci guda. Sharaɗin garuruwa da yawa shi ne kada ruwan da zai fita daga filin bayan gini ya fi na da ƙarfi. Shi ya sa za ku ga tafki a gangaren zanen: yana tare ruwan, yana sakinsa kaɗan-kaɗan ta siririn bututu. Matsalar ba ranar buɗewa take fitowa ba. Bayan shekaru laka da ganye su toshe bakin bututun, ƙungiyar masu gidajen da aka bar wa kulawa ba ta ware kuɗin yashewa ba, ruwa ya malala gidajen da ke ƙasa. Mai tantancewa na ƙwarai sai ya ga a rubuce wanda zai yashe tafkin, da inda kuɗin zai fito. Ban da haka, aikin da zai tone eka ɗaya ko fiye yana buƙatar izini na daban, da shingen tare laka a lokacin gini.

Sai gobara. A ƙa'idar da garuruwa da yawa suka ɗauka, faɗin hanyar motar kwana-kwana kada ya gaza ƙafa 20. Layin da ba ya ɓullewa, in ya wuce ƙafa 150, sai an yi masa wurin juyawa. Gidaje sama da 30 suna buƙatar mashiga biyu, sai fa in an sa wa kowane gida bututun yayyafa ruwa. Bangon da ke tsakanin gida da gida kuma ya iya jure wuta awa biyu, ko awa ɗaya in akwai yayyafin. Ku lura da wurin ajiye motocin baƙi: in ya yi kaɗan, a gefen titi za a jera su, ƙafa 20 ɗin nan ta zama a takarda kawai.

Batun cunkoso lissafi ne. Injiniyoyi suna ƙiyasta wa irin wannan gida shiga da fitar mota kamar sau bakwai a rana, wato kusan 560 ga gida 80. Abin dubawa shi ne ko mararrabar da ke kusa za ta ɗauka da safe da yamma.

Daga nan a rubuta rahoto, a sanar da jama'a. A Kaliforniya doka ta ce a aika wa masu filaye da ke cikin ƙafa 300 wasiƙa, aƙalla kwana 20 kafin zaman sauraron jama'a kan sauya wa fili matsayi. Kwamitin tsara gari ya saurari kowa, galibi minti uku-uku, ya ba da shawara, sannan kansiloli su kaɗa ƙuri'a.

Minti ukun nan mutane da yawa suna ɓata su wajen cewa ba sa son baƙin fuska a unguwa. Wannan ba hujja ba ce, kuma bai dace ta zama ba, domin mutane suna buƙatar muhalli mai sauƙin kuɗi. Wanda ya karanta rahoton ya ce kwalbatin da ke ƙasan layinsu tun yanzu cika yake yi, shi ne maganarsa kan koma sharaɗi a takardar izini. Sharuɗɗan kuma ana ɗaure su da kuɗin lamuni: kamfani ya ajiye abin da zai ishi gari ya ƙarasa titi da magudana in ya gudu ya bar aiki, ba a sakar masa sai sufeto ya duba ya sa hannu.