Gidan da iska ke ratsawa: lacca kan gidajen 'yan asalin Arnhem Land

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To madalla. Abu uku zan taɓo game da gidajen da gwamnati ke gina wa 'yan asalin Ostireliya a Arnhem Land, can arewacin ƙasar: iska, ruwa, da zaman dangi.

Na farko, iska. Mu nan katangar ƙasa mai kauri muka sani: ta sha rana yini guda, dare ya yi sanyi, ta huce. A can wannan dabara ba ta ci, domin daga Nuwamba zuwa Afrilu damina ce mai gumi, daren ma ba ya sanyi. Ka gina da bulo mai kauri, zafin da ya tara da rana shi zai sako maka da tsakar dare. Saboda haka gini marar nauyi ake so, a ɗora shi kan ƙafafun ƙarfe, iska ta bi ta ƙarƙashi, ta ratsa ciki, ta fita ta sama. Tsawon gidan ya miƙe daga gabas zuwa yamma, don kada ranar hantsi da ta la'asar su samu bango mai faɗi su daka. Rufi ya zarce bango sosai, a bar taga a buɗe ko ana tafka ruwa. Faɗin gidan kuma ɗaki ɗaya, tagogi suna kallon juna. Ɗaki ɗaya fa! Ka ratsa lungu a tsakiya, ɗakuna dama da hagu, ka kashe iskar.

Ku nemi hoton gidan da masanin zanen gini Glenn Murcutt ya zana a garin Yirrkala na Arnhem Land, wanda aka kammala a 1994. Babu gilashi ko ɗaya, bangon faifan katako ne da ake tokarewa sama da safe, a sauke da dare. Amma marar nauyi ba ya nufin sakaka. Guguwar Tracy ta rugurguza birnin Darwin na arewacin ƙasar a 1974, ta Lam kuma ta afka wa garin Galiwin'ku na Arnhem Land a 2015. Dole a ɗaure kwano jikin ƙarfen rufi da ƙusa mai zare, rufin jikin ginshiƙi, ginshiƙin jikin tushe. Wuri ɗaya ya yi sako-sako, rufin ya yi sallama. Ga kuma gara, ta can ba ta da kunya, shi ya sa ƙafafun ƙarfe.

Na uku... a'a, na biyu, ruwa. Ƙungiyar Healthabitat, mai duba gidajen 'yan asalin tana gyara su, ta jera abubuwa tara da gida zai iya yi don lafiyar mazaunansa, na farkonsu wanka, musamman wankan yara. Da suka duba dubban gidaje, sun tarar yawancin lalacewa daga rashin gyara ne da aikin ha'inci, ɓarnar mazauna kaɗan ce. Gida mai ɗaki uku kan ɗauki mutum goma ko fiye, don haka a raba masai da wurin wanka, a sa famfon da kayan gyaransa ke samuwa, tunda damina na datse hanya, kaya sai ta jirgin ruwa.

Zaman dangi, lokaci ya ƙure: a wurin Yolngu, 'yan asalin arewa maso gabashin Arnhem Land, namiji ba ya haɗa ido da surukarsa. Kun san zancen, na ga wasu na sunkuyar da kai. A yi ƙofa fiye da ɗaya, kada hanyar masai ta zama ɗaya tak.

Na'am, Malam? Yana tambaya, me ya hana a sa na'urar sanyaya ɗaki kowa ya huta? Tambaya mai kyau. Zafi na ƙaruwa, akwai ranakun da fanka ba ta isa. Sai dai yawancin gidajen nan da katin lantarki suke aiki, kuɗi ya ƙare wuta ta ɗauke, har firjin da ke riƙe allurar masu ciwon suga. Shawarata a ware ɗaki ɗaya, a toshe kafofinsa, a lulluɓe bango da silin da abin tare zafi, a sa ƙaramar na'ura don tsofaffi da jarirai. Sauran gidan fanka da taga. In da hali a ɗora sola a rufi, amma ita ma a ɗaure ta da ƙusa mai zare.