Amsoshin Tambayoyinku: Sigina Zan Bi Ko Binciken Kaina A Harkar Kirifto?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Birnin Kebbi. Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan kirifto, wato kuɗin intanet irin su Bitcoin, suka zo, bari mu ɗauki uku.

Na farko daga wani matashi a Jega. Yace: "Malam, ina wani guruf na Telegram da muke biyan kuɗi duk wata ana ba mu sigina, a ce mu sayi kaza mu sayar a kaza. Abokina yace in bari in riƙa bincike da kaina, ni kuma Turancina bai kai ba. Mi za ni yi?"

To ƙanena, kafin komai ka tambayi kanka, shi mai ba ku siginar ina yake samun nashi? Da yawansu da linki ɗinsu kuka yi rajista, duk cinikin da kuka yi ana yankar musu kamasho, ko ka ci riba ko ka faɗi shi dai nashi ya shiga. Wasu kuma abin yafi haka muni, sai su sayi ƙaramin koyin, wato wani kuɗin kirifto, tun yana arha sannan su ce wa guruf ku saya farashinta zai yi sama, kuna rububin saye farashi na hawa su kuma suna sayar muku da nasu, kafin ka farga sun fita an bar ku da kaya a hannu. Hotunan riba da suke turowa kuma, ka taɓa ganin sun turo na ranar asara?

Ban ce kowa macuci bane, akwai masu koyarwa tsakani da Allah. Amma ka nemi wanda zai koya maka yadda ake dubawa, ka ƙyale mai ce maka saya kawai. Kai ɗan Jega ne, ka san mai sayen albasa a Aliero ko dillalin ɗan uwansa ne sai ya kwance bakin buhu ya tura hannu ƙasa. Kuma binciken nan yawancinsa lamba ce, ba dogon Turanci ba. Ka buɗe shafin CoinMarketCap ko na CoinGecko, kyauta ne, ka duba guda nawa ne koyin ɗin gaba ɗaya, nawa ke yawo a kasuwa yanzu, cinikin nawa ake yi a rana, sannan ka bi ka gano kaso nawa masu shi suka riƙe wa kansu da ranar da za a sake musu.

Ku tuna da Pi, koyin ɗin nan da ake tarawa ta manhajar waya. Shekara da shekaru matasanmu na danna waya, ana yawo da maganar wai guda ɗaya zai kai dala 314,159, alhali adadinsa gaba ɗaya biliyan 100 ne. Ɗauki kalkuleta ka ninka biyun nan, abin da zai fito duk kuɗin duniya aka tara basu kama ƙafarsa ba. Da aka buɗe kasuwarsa a Fabrairun 2025 iyakarsa wajen dala 3, daga baya ya sauko ƙasa da dala 1. Lissafin minti biyu ne fa, amma mutane nawa suka yi shi? Wallahi abin yana damuna, don wasu har alkawarin aure da na mota suka ɗora a kai.

Na biyu daga wata baiwar Allah a Argungu. Tace abokin ƙaninta ya kawo mata wata manhaja, wai na'ura ce ke yi maka tiredin kuɗinka su ninka cikin wata ɗaya, kuma shi an biya shi ta gani da idonta, shin ta saka kuɗin adashenta?

Hajiya don Allah kar ki saka. Irin alkawarin da CBEX tayi kenan, ninki cikin kwana 30, ta rufe a Afrilun 2025 da kuɗin jama'a. Kafin ita MMM tace kashi 30 cikin ɗari a wata, ta daskarar da asusun mutane a Disambar 2016. Yaron nan wataƙila ba ƙarya yake miki ba, an biya shi ɗin, amma da kuɗin sabbin shiga irinki aka biya shi, shi kanshi bai sani ba. Ki sa a duba miki shafin hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari ko kamfanin na da rajista, ki tambayi yaron mi suke saya mi suke sayarwa da har riba take tsayawa cak kowane wata. In yace ke dai ki saka kafin a rufe, kin samu amsarki.

Na uku gajere ne, wani ɗalibi daga Yauri: "In na yi bincike da kaina shikenan ba zan faɗi ba?"

Za ka iya faɗuwa mana. Manyan kamfanoni masu ma'aikatan bincike sun zuba kuɗi a FTX, wata babbar kasuwar kirifto, ta rushe a Nuwambar 2022, mai ita Sam Bankman-Fried aka yanke masa shekara 25. Bitcoin kanshi daga wajen dala dubu 69 a 2021 ya dawo wajen dubu 16 cikin shekara ɗaya. Shi yasa kuɗin makaranta da na taki da na bashi basa shiga wannan kasuwa. Kuma kallon bidiyo goma a TikTok duk suna yabon abin da dama kake so, wannan ba bincike bane, ka nemi masu kushe shi ka ji hujjarsu. Kalmomin sirri 12 ko 24 na walet ɗinka kuwa, wato makullin asusun da kake ajiye kirifto, ko wa ya nema kar ka bayar, ko yace shi ma'aikacin kamfanin ne.

Masu tambayar halasci ko haramci, wannan fagen malamai ne, za mu nemi malami ya zo ya amsa muku da kanshi in sha Allahu. Ku ci gaba da turo saƙo, ku riƙa rubuta garinku. Sai mako mai zuwa, mu kwana lafiya.