Jawabin Maraba ga Mai Girma Gwamnan Jihar Arewa ta Kamaru a Ziyararsa zuwa Hurumin Garinmu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Gwamnan Jihar Arewa, mai girma Firefe, shugaban gundumar Binuwai, da Sufirefe mai kula da yankinmu, mai martaba Lamiɗo, Allah ya ja zamaninka, Magajin Gari, lawanai da masu unguwanni, Sarkin Hausawa, Arɗo da jama'arsa, limamai da fastoci, jami'an gandun daji, malaman makaranta, iyayenmu mata, 'ya'yanmu 'yan makaranta da almajirai, da duk wanda ya bar aikinsa ya zo, ina gaishe ku gaisuwar ban girma.

Ranka ya daɗe, a madadin amintattun wannan hurumi da ɗaukacin jama'ar gari, ina yi maka lale marhabin. Sannu da zuwa, sannu da hanya, sannu da wannan rana ta bazara da ka keto har ka iso mu. Mun san jiharka mai faɗi ce, daga Mayo Luti zuwa Mayo Rey har Faro, kuma ko'ina ana jiran ganinka. Da ka zaɓi ka zo ka zauna gindin tsamiya tare da manoma da makiyaya da yara 'yan firamare, ka girmama mu. Allah ya girmama ka.

Wannan fili da kake zaune a bakinsa ba wani babba ba ne. Mai tafiya a ƙafa zai zagaye shi tsakanin la'asar da magariba. Asalinsa gonaki ne da suka gaji, na gidaje daban-daban, sai wani yanki na bakin rafi da mai martaba ya ƙara mana. Masu gonakin suka zauna gaban Lamiɗo da liman, suka sa hannu a kan cewa ba za a sayar da shi ba, ba za a raba shi gado ba, ba za a yanka shi fuloti-fuloti ba, ba kuma za a ɗaga masa gatari ba sai da yardar jama'a. Aka damƙa shi amana a hannun mutanen da gari ya zaɓa, maza da mata, Hausawa da Fulani da Fali da Tufuri, Musulmi da Kirista. Ko taku ɗaya ba mu da ikon sayarwa. Kuma ba daga waje muka aro wannan ba. Kakanninmu sun saba barin hurumi a gefen gari. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe filin Naƙi'i a yankin Madina, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza domin dabbobin sadaka.

Abin da ya kai mu ga wannan shawara kuwa, duk wanda ya haura shekara hamsin a garin nan ya gan shi da idonsa. Bayan an gama madatsar ruwa ta Lagdo a 1982, noman auduga ya kankama, 'yan uwanmu daga jihar Arewa Mai Nisa suka yi ta gangarowa neman ƙasar noma. Ba laifinsu ba ne, mai neman abincin iyalinsa ba a ce masa don me, kuma yau su ne maƙwabtanmu da surukanmu. Amma ƙasa ba ta ƙaruwa. Aka daina barin gona ta huta. Birnin Garwa ya bunƙasa, kowace safiya kekuna da babura na shiga da buhunan gawayi da ɗaurin itace, kirya da marke suka fara ƙarewa. Maɗobiya kuwa masu sayen katako na ƙasashen waje suka bi ta a duk yammacin Afirka har zuwa nan, sai da aka sanya ta cikin itatuwan da dokar duniya ta taƙaita cinikinsu. Karkandan da iyayenmu suke ba mu labari, a nan arewacin Kamaru ne ragowarsa na ƙarshe ya rayu. Aka bincika a 2006 ba a ga ko ɗaya ba, a 2011 aka sanar wa duniya cewa irinsa ya ƙare. Shekara ɗaya bayan haka, a 2012, mahara a kan dawakai suka shiga gandun Buba Njidda suka kashe ɗaruruwan giwaye saboda haure.

Duk wannan asara ce, amma akwai wadda ta fi damun mu, domin ba a jin ƙararta. Sanin daji yana tafiya kabari tare da tsofaffi. Yaro zai gama firamare ya iya jero sunayen dabbobin littafi da Faransanci, amma ka kai shi bayan gari bai san marke ba, bai san kanya ba, bai taɓa tsinkar ɗinya da hannunsa ba. Wanda bai san sunan itace ba, idan an sare shi ba zai ji komai ba. Ga kuma wata gaskiya da zan faɗa da ladabi a gaban jami'an gandun daji, waɗanda muke girmama aikinsu da hatsarin da suke shiga: a kunnen talaka, maganar kare daji ta daɗe tana nufin tara da ƙwace gatari. Ana ganin gandun daji abin gwamnati ne da baƙi masu kyamara. Ma'aikaci ɗaya ba zai tsare dajin da mutum dubu suke kallo a matsayin kayan wani ba. Shi ya sa muka ce wannan hurumi makaranta zai zama.

Ranar Laraba da rana, da an tashi daga makaranta, malamai kan kawo mana 'yan aji. Ranar Alhamis ta almajirai ce, tunda ranar hutunsu ce, kuma alaramma da kansa yake rako su. Asabar ta manya ce. Malamanmu a nan ba su da takardar shaida. Akwai tsohon maharbi da ya rataye bakansa, wanda yake durƙusa yara a bakin rafi ya nuna musu sawun gada da na zomo da na tunku, ya ce su gaya masa wanne ya fara zuwa shan ruwa. Akwai mai maganin gargajiya da yake koya musu yadda ake ɗibar sassaƙen maɗaci: a ɗiba daga gefe ɗaya kawai, gwargwadon tafin hannu, a shafe wurin da laka, kada a kuskura a zagaye gindin, domin itacen da aka yi wa zobe ya mutu ko da yana tsaye. Akwai iyayenmu mata masu man kaɗe da daddawa, waɗanda suke lissafa wa yara abin da kaɗanya ɗaya da ɗorawa ɗaya suke kawo wa gida kowace shekara, su kwatanta da kuɗin buhun gawayin da za a samu sau ɗaya tak idan an sare ta. Wannan lissafin, ranka ya daɗe, ya fi wa'azi shiga kan mutane.

Darasin da na fi so ka gani da idonka shi ne na gawo. Duk itatuwa suna ganye da damina, shi kuwa gawo da damina yake zubar da nasa, don haka ba ya yi wa dawa ko gero inuwa, ganyen da ya zuba kuma ya zama taki. Da rani, lokacin da ko'ina ya bushe, sai ya yi kore shar, 'ya'yansa su zama abincin awaki da shanu, dabbobin su kwanta a inuwarsa su bar kashi. Mukan kai yara gona da kaka su auna tsawon karan dawa na ƙarƙashin gawo da na nesa da shi. Ba ma gaya musu amsa, su suke dawowa su gaya mana. Daga nan sai a koya musu gyaran kututture. Yawancin itatuwan da aka sare a gonakinmu ba su mutu ba, saiwarsu na nan da rai, kowace shekara suna tofo, manomi yana sassabe su ya ƙone. To maimakon haka, sai a zaɓi reshe biyu ko uku mafi ƙarfi kuma miƙaƙƙu, a datse sauran da wuƙa mai kaifi, a ɗaura jan ƙyalle don mai garma ya gani ya kauce. Ba ban ruwa, ba sayen iri. Da wannan dabara manoman Maraɗi da Damagaram a Nijar, Hausawa irinmu, suka maido da itatuwa a kan kimanin hekta miliyan 5 tun daga shekarun 1980. A nan gida ma, a yankin auduga, an taɓa ƙarfafa wa manoma gwiwa su bar gawo a gonakinsu, kuma inda aka riƙe abin ana ganin amfaninsa har yau.

Muna da wurin renon dashe a can kusa da rijiya. Ledojin ruwa da ake zubarwa a kasuwa yara suke tsintowa su cika da ƙasa da taki, su shuka tsamiya da kuka da aduwa da magarya, bayan an jiƙa masu taurin ɓawo a ruwan zafi. Kowane yaro yana da nasa, shi zai kai gida ya dasa, shi zai yi masa shinge da ƙaya. Shirin dashen itatuwa na Sahel Vert da aka fara tun zamanin Shugaba Ahmadu Ahijo aka kuma farfaɗo da shi a 2008 ya koya wa ƙasar nan cewa dasawa ba ta da wuya, raino ne aiki. Mata kuma suna koyon gina murhun laka mai cin itace kaɗan, yanzu har wasu na zuwa ƙauyukan maƙwabta suna gina wa mutane ana biyan su.

Ba zan ɓoye maka ba, wuta ce babbar abokiyar gabarmu. Mai farautar gafiya, mai ɗibar zuma da wutar kara, wanda ya jefar da guntun taba, ɗayansu ya isa ya cinye aikin shekaru cikin yini guda idan iskar hunturu ta taso. Da kaka mukan fito gayya mu share hanyar wuta kewaye da hurumin, yara kuma sun koyi dalilin da ya sa wutar farkon rani, lokacin da ciyawa ke da sauran danshi, ba ta yin ɓarnar da ta ƙarshen rani take yi. Makiyaya ma ba mu rufe musu ƙofa ba. An zauna da Arɗo an tsara lokacin yankan gamba da ɗibar 'ya'yan gawo, kuma 'ya'yansu na cikin waɗanda suka fi kowa sanin tsirrai a ajinmu.

Akwai wani abu kuma da yaran suka lura da shi da kansu. Sun tambayi mahauta me ya sa ba a ganin ungulu a mayanka kamar yadda ake ba su labari. Amsar ba ta da daɗi: guba da ake sa wa mushe, da masu sayen kanta da ƙafafunta don tsibbu. Tun 2015 aka sanya ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Tsuntsuwar da ake raina wa ita ce take kwashe mushe kafin ya zama cuta. Yanzu idan yaro ya ga ungulu ko gauraka ko shamuwa, yakan rubuta rana da wuri a littafin hurumi.

Ranka ya daɗe, baƙo irinka ba a barin shi ya tafi ba a kai masa kuka ba. Babban kukanmu takarda ce. Yarjejeniyarmu tana da ƙarfi a fada da masallaci da coci, amma bisa dokar filaye ta 1974, ƙasar da ba ta da takardar mallaka tana cikin filayen ƙasa ne, hukuma ke da ikon rabonta. Mu da muka sa hannu za mu mutu. Gari yana matsowa, farashin fuloti yana hawa, wata rana wani jika zai zo ya ce gonar kakansa ce. Dokar gandun daji ta 1994 ta buɗe wa al'umma ƙofar riƙe dajinsu, sabuwar da ta gaje ta a 2024 ma tana nan, amma hanyar ofisoshi doguwa ce ga mutanen ƙauye. Muna roƙon ka sa a turo mana masu awon fili su kafa duwatsun iyaka, a kuma haɗa mu da jami'in da zai riƙe hannunmu har takardar ta fito. Idan ana wannan aikin, a duba burtalin shanu da ya bi ta gabas da mu, domin gonaki sun ci shi, kuma duk ranar da burtali ya toshe, cikin hurumi ko cikin gonar wani garke zai bi.

Na biyu ya shafi yaran nan da ke zaune gabanka. Gandun Binuwai yana kan hanyar Garwa zuwa Ngawundare, fili ne mai murabba'in kilomita 1,800, ya zama gandun ƙasa tun 1968, UNESCO ta karrama shi a 1981. Mutane na hawa jirgi daga Turai su zo su ga dorina da ɓauna da gwanki a cikinsa, 'ya'yanmu kuwa ko ƙofarsa ba su sani ba. Mota ɗaya a shekara da sassaucin kuɗin shiga sun isa. Haka nan Makarantar Namun Daji ta Garwa, wadda tun 1970 take horar da ma'aikata daga ƙasashen Afirka da dama, tana nan kusa da mu. Muna fatan a riƙa turo mana ɗalibanta su koyar da yaranmu, su ma su zauna da tsofaffinmu su rubuta abin da ke kansu tun suna raye. Wa ya sani ko cikin waɗannan yara akwai wanda zai shiga makarantar nan gobe? Muna kuma roƙon hukumar ilimi ta amince da darasin Laraba a rubuce, don malamin da ya kawo ɗalibansa ya san aikinsa yake yi.

Ya tabbata a hadisi cewa babu Musulmin da zai dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci daga gare ta, face an rubuta masa sadaka. Saboda haka mun tanadi dashen gawo guda, an haƙa ramin, an zuba taki, muna roƙon ka dasa shi da hannunka. 'Yan aji shida sun ɗauki alkawarin ba shi ruwa har damina ta sauka. Bayan nan yaran za su zagaya da kai, su ne za su yi maka bayani ba mu ba, sannan iyayenmu mata sun shirya fura da ɗan abin taɓawa.

Allah ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka, ya ja zamanin mai martaba, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da Kamaru lafiya, ya kuma mai da kai gida lafiya kai da tawagarka.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.