Bakin Feshi: Yadda Ake Wanke Injinan Sarrafa Abinci

Ku dubi ma'aikacin nan da ke wanke bel ɗin da nama ke bi ta kai. Ya ƙure ƙarfin ruwan tiyo, datti na ta tashi, kowa zai ce aiki ya yi kyau. To amma ku lura da hazon da ya cika ɗakin. Ƙananan ɗigon ruwa ne, kuma suna ɗauke da abin da suka kankaro daga ƙasa da magudana. Sukan jima suna yawo a iska kafin su sauka, wani lokacin a kan teburin da aka gama wankewa.

Wannan shi ne babban kuskuren da ake yi: ɗauka cewa ƙarfin ruwa shi ne tsafta. Ƙwayar cutar Listeria tana son danshi, tana hayayyafa ko a ɗakin sanyi, magudana kuwa gidanta ne. A Afirka ta Kudu, tsakanin 2017 da 2018, ta kashe mutane sama da 200 ta hanyar sarrafaffen nama. Don haka kada a kuskura a auna ruwa mai ƙarfi cikin magudana alhali injina na kusa.

Tun 1959 masanin sinadarai Herbert Sinner ya nuna cewa abu 4 ne ke haɗuwa su yi wanki: lokaci, zafi, sinadari, da gugar da ke ɓamɓare datti. In an rage ɗaya, dole a ƙara wani. Bakin feshi, wato kan da ake ɗaurawa a ƙarshen tiyo ko bututu don ya fesa ruwa, kaso ɗaya kawai yake riƙe da shi: guga. Sauran aikin na kumfa ne da haƙuri.

Shi ya sa ake farawa da kwashe tarkace a bushe, sai ɗauraya da ruwa mai ɗumi. Ɗumi fa, ba tafasasshe ba: in zafi ya haura kusan digiri 60, sai ya dafa ragowar nama ko madara, su manne wa ƙarfe. Daga nan a sa bakin kumfa. Amfanin kumfa shi ne tana maƙalewa a bango da ƙarƙashin inji, sinadarin ya sami lokacin cin maiƙo. A goge, a ɗauraye daga sama zuwa ƙasa, a duba, sannan a zo kan maganin kashe ƙwayoyin cuta. Fesa kulorin a kan datti asara ce, domin dattin ne zai cinye ƙarfinsa.

Kowane baki da aikinsa. Mai fitar da ruwa a baje kamar mafici shi ya dace da bel. A jera su yadda gefen feshin wannan zai ɗan hau na wancan, kar a bar wani layi a bushe. Mai fitar da ruwa tsaye, siriri, na datti mai taurin kai ne. A cikin tanki kuwa akwai ƙwallon feshi mai huda-huda, ko mai juyawa, wanda ke wanke ciki ba sai an kwance komai ba.

Ga wani lissafi da mutane kan manta: kafin ruwan da baki ke fitarwa ya ninka 2, sai matsin ruwan ya ninka 4. Wanda ke neman ruwa da yawa ya sauya baki, ya bar wahalar da injin turo ruwa.

Abin da ya fi damuna shi ne lalacewar da ba ta nunawa. Sannu a hankali ramin bakin yake cinyewa, ya faɗaɗa, ruwa da sinadari su yi ta zuba fiye da ƙima, feshin ya karkace. Ku riƙa tarar ruwan a bokiti na minti 1, ku gwada da na sabon baki. In ya toshe, a jiƙa shi a goge da burushi mai laushi. Waya ko allura ɓata ramin suke yi.

Tanki kuma yana da nasa gwajin. A shafe cikinsa da ruwan bitamin B2, a kunna feshi, sannan a haska fitilar UV, mai wani irin haske da ke sa ragowar bitamin ɗin ƙyalli. Duk inda ya yi ƙyalli, ruwa bai kai wurin ba. Sai a gyara tsayuwar ƙwallon, a maimaita.