Layin Mahautan York da Kalmar Shambles

Assalamu alaikum jama'a, yau ga mu a birnin York, arewacin Ingila. Ku yi haƙuri da hayaniya, 'yan yawon buɗe ido ne suka cika wurin maƙil. Wannan siririn layi da nake ciki sunansa Shambles.

In Bature ya ga al'amari ya dagule, ya zama kaca-kaca, sai ka ji ya ce ai wannan shambles ne. 'Yan jarida na yawan jifan gwamnati da ita. To amma asalinta teburin mahauta ne. A tsohon Turanci ana cewa sceamel, wato ɗan benci, su ma daga Latin suka aro. A kan irin wannan benci ake baje nama, sai sunan ya bi kasuwar naman baki ɗaya. Tun a kundin Domesday na shekarar 1086, wato littafin ƙidayar filaye da dukiyar Ingila, an ambaci rumfunan mahauta a York.

Bari in matso da kyamara. Kun ga wannan faffaɗan katako a gindin taga? Nan ake jera nama. Ku ɗaga kai, ga ƙugiyoyin rataye nama har yanzu suna nan. Gidajen kuwa sun sunkuyo ta sama kamar za su yi karo, inuwarsu ke kare nama daga rana, tunda ba firji a wancan zamani. A bayan shagunan ake yanka, sai jini da tumbi su gangaro ta tsakiyar layin nan da nake takawa. Duk wanda ya taɓa shiga kwata da sassafe ya san abin da nake nufi.

Daga nan ma'anar ta gusa. Da farko mayanka, sai filin da aka yi kisa jini ya malala, sai a ƙarni na 20 ta koma kowane irin hargitsi. A ganina an yi wa mahauta rashin adalci, masu sana'a ne da tsarinsu.

Wancan gidan da ake shiga a nutse, wurin tunawa da Margaret Clitherow ne, matar wani mahauci, wadda aka kashe a 1586 kan zargin ɓoye limaman Katolika. Yanzu dai alewa da tsaraba ake sayarwa a layin, da tsada kuma. Mu ƙarasa kasuwar da ke baya, yunwa nake ji.