Kofi na ƙungiya, lambar yabo ta mai aiki

An gabatar da wannan lacca ga 'yan ƙungiyar kasuwanci ta ɗalibai a Samaru, Zariya, aka rubuto ta daga rikodin.

Assalamu alaikum. Iyayenmu malamai, shugabannin ƙungiya, ƙannena maza da mata, barkanku da yamma. Waɗanda suka taso daga Kongo da Gyallesu, sannunku da hanya.

An ce in yi magana kan lambobin yabon da kuke son fara bai wa 'yan ƙungiya ɗaiɗaiku a ƙarshen shekara. Na ji wasunku ba su so, wai abin zai raba kan jama'a, tunda tare ake aiki. Ni ina goyon bayan a yi, kuma zan faɗi dalilina.

Idan ƙungiya ta ci gasa, kofi ɗaya ake bayarwa. Shugaba ya ɗaga, a ɗauki hoto, a sa a Facebook. To ina yarinyar da ta riƙe littafin kuɗi tun farkon zango ba a rasa ko naira ɗaya ba? Ina yaron da ya riƙa shiga kasuwar Sabon Gari da rana tsaka yana tayin roba da sinadarin sabulu har ya samo mai sauƙi? Ranar da suka gama makaranta, kofin yana cikin kabad a ofis, su kuwa hannu rabbana. Ko a gayya, duk da gonar mutum ɗaya ake nomewa, kowa ya san wanda ya yi aiki da wanda ya zo cin tuwo.

Wannan tunani ba a kanku farau ba. A Amurka akwai ƙungiyar ɗalibai 'yan kasuwa da ake kira FBLA, wadda reshenta na farko ya buɗe a 1942 a jihar Tennessee. Suna da gasanni, amma sun ware wani tsari dabam na mutum ɗaya, mai mataki huɗu. Ɗalibi zai fara da sanin ƙungiyar da ba da gudummawarsa, ya hau matakin jagoranci, ya ci gaba, har ya ƙare da babban aiki nasa na kansa da zai amfani al'umma. Abin da ya fi burge ni shi ne ba sai ka kayar da kowa ba. Ka cika sharuɗɗan mataki, ka samu lambarsa, ko ku nawa ne kuka cika. A nan gida kuma kun san Enactus, ƙungiyar kasuwanci ta ɗaliban jami'a wadda aka kafa a Amurka a 1975 da sunan SIFE kafin a sauya mata suna a 2012, da Junior Achievement da ta fara aiki a Najeriya a 1999, inda ɗalibai ke kafa ɗan kamfani, su sayar da hannun jari, su yi ciniki, su rufe lissafi.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe. An tarbiyyantar da mu da cewa yabon kai jahilci ne, kuma gaskiya ne. Shi ya sa za ka ga ɗalibinmu ya yi aiki tuƙuru, amma da an ce ya faɗi abin da ya yi sai ya sunkuyar da kai ya ce ai mu duka muka yi. Kawaicinsa abin so ne. Amma ƙanina, wanda zai ɗauke ka aiki bai san ka ba. Gidauniyar Tony Elumelu, da ta fara bai wa matasan Afirka jarin dala 5,000 a 2015, ba ta san gidanku ba, fom za ta miƙo maka ta intanet ta ce ka bayyana sana'arka, da cinikinka, da inda ka dosa. Mai kunya a nan ya rasa. Rubuta abin da ka yi da ranarsa, malami ya duba ya sa hannu, wannan ba fankama ba ce, ajiye shaida ne. Addininmu ma ya umarce mu da rubuta bashi a sa shaidu, a cikin Suratul Baƙara, a ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani.

Don haka kowannenku ya sayi littafi. A ce kunun aya kuke yi: rubuta mudu nawa na aya ka sayo, nawa ka kashe a dabino da ƙanƙara da roba, gora nawa aka sayar, nawa suka lalace da aka ɗauke wuta. Wanda ya lalace ɗin nan kada ka ɓoye shi. Ɗalibin da ya rubuta asararsa, ya nuna yadda ya rage yawan abin da yake haɗawa a sati na gaba, ya fi cancantar lamba a wurina a kan wanda littafinsa riba ce zalla. In ka je cikin birni ka zauna da masu ɗinkin babbar riga ko dukawa ka taya su lissafin kuɗin zare da fata da ladan aiki, rubuta, ka roƙi mai sana'ar ya shaida. Ku 'yan mata, na fi matsa muku a kan wannan, don na lura ku ne ke yin aikin da ba ya fitowa a hoto.

Shugabanni kuma, ku ji ni da kyau. Ranar da lambar nan ta zama ta 'yan kwamiti da abokansu, ko ta wanda ya fi ba da gudummawar kuɗin walima, ta mutu. Mun ga yadda ake raba allunan karramawa a garin nan, a kira mai kuɗi a ba shi don ya sa hannu a aljihu. Abin yana ƙona mini rai, domin yara suna kallo suna koyo. Ku rubuta sharuɗɗan tun farkon shekara, ku liƙa a allon sanarwa, kowa ya san abin da ake nema a mataki na ɗaya da na biyu. Masu tantancewa su zama malami ɗaya da ɗan kasuwa ɗaya daga waje, wanda ba shi da ɗan'uwa a cikinku. Takardar kuma kada a rubuta mata "gwarzon shekara" kawai. A rubuta aikin: ta riƙe asusun ƙungiya zango biyu, ya jagoranci yi wa sana'a rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Wannan ita ce takardar da za a karanta a Kaduna ko Abuja a fahimci wani abu.

Na ga an ɗago mini hannu cewa magariba ta matso. Sakatariya, ki karɓi sunayen waɗanda za su zauna rubuta sharuɗɗan, zan zo zaman farko in Allah ya yarda. Tambaya biyu za mu ɗauka, mu fara da 'yar'uwar da ke can baya.