Attajirin da Ya Kawo Raƙuma Kudancin Ostareliya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau daga Adelaide, babban birnin jihar Kudancin Ostareliya, nake gaishe ku. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, tun safe take kaɗawa.

Kun ga mutum-mutumin nan da ke bayana? Thomas Elder ke nan, a harabar jami'ar garin, wadda ya bai wa fam 20,000 a 1874. Mutanen nan suna ce masa makiyayi kuma ɗan siyasa. Ran da na fara ji, sai na hango mutum da sanda a kafaɗa yana bin garke. Ina! Makiyayinsu attajiri ne mai kwat, yana zaune a birni, tumaki na can daji wasu na fama da su. Daga Sikotilan ya zo a 1854, ya yi kuɗi da haƙar tagulla, ya kama filayen kiwo har ana cewa sun fi ƙasar haihuwarsa faɗi. Filayen kuwa da masu su. Beltana, sansanin raƙumansa, ƙasar mutanen Adnyamathanha ce, 'yan asalin wurin, kuma ba wanda ya nemi izininsu.

Ya shiga majalisar dokoki a 1863, ya bar ta gaba ɗaya a 1878. Wannan bai dame ni ba sosai.

Abin da ya kawo ni raƙuma ne. Arewacin jihar nan ƙeƙasasshen waje ne, ƙishirwa na kayar da dawakai da shanun ja. A 1866 aka sauke masa raƙuma sama da 100 daga Karachi da ke Pakistan ta yau, tare da mutum 31 masu kula da su. Turawa suka yi musu kuɗin goro, kowa Afgan, alhali har da Baluchawa a ciki. Su ne suka riƙa kai fulawa da shayi cikin daji suna dawowa da ulu, ayari guda, kai ka ce masu gishirin Bilma ne.

To, ku biyo ni. Kamar rabin awa a ƙafa daga nan akwai masallacin da masu raƙuma suka haɗa kuɗi suka fara ginawa a 1888, a ɗan lungun Little Gilbert. Har yau ana salla a ciki. Azahar ta kusa, bari in ɗaga ƙafa, in mun isa zan nuna muku hasumiyoyinsa huɗu.